Dubiyar Duna

Ranar wata Asabar da hantsi, a farkon daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni da mahaifina muka fito daga lungunmu na Gyadi-Gyadi da amalanke. Shi yake turawa, ni kuwa ina gefe riƙe da buta da wani tsohon kasko. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi, tayoyin sai nutsewa suke yi, Baba yana nishi yana dannawa. A cikin amalanken an kwantar da wani abu dogo, an lulluɓe shi da farin gwado tun daga kai har ƙafa, gwadon yana ɗagawa yana sauka a hankali. Dattawan da ke zaune a gindin darbejiyar bakin masallaci suka ɗago gaba ɗaya, wani har ya miƙe tsaye. "Subhanallahi! Malam Garba, jikin ne ya tashi? Allah ya sawwaƙe." Baba bai tsaya ba, bai kuma ɗaga kai ba, ya ce, "Amin." Mai itace ya yi mana addu'a, mai faci ya yi, wata tsohuwa da ke tallan daddawa ta ajiye ƙwaryarta ta bi mu da ido tana salati. Haka muka yi ta karɓar addu'ar mutane har muka hau titin Zariya, Baba yana amsa amin ɗinsa ƙasa-ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Abin da ke cikin gwadon nan kuwa kare ne.

Sunansa Duna. Asalinsa na wani Bature ne da Baba ya yi wa tuƙi a wani kamfanin fatu. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya rarraba kayansa, kuku ya sami tukwane, mai gadi ya sami fitila da gadon ƙarfe, Baba kuwa da ya fi kowa daɗewa da shi aka ba shi abin da maigidan ya fi so, wato kare. Ranar da aka kawo shi Inna ta shige ɗaki ta yi kuka, ta ce duk kayan duniyar nan a rasa abin da za a ba mutum sai najasa. Ba irin karnukan nan namu ba ne masu siririn ciki da ake gani a bayan mafarauta. Baƙi ne wuluk, ƙirjinsa faffaɗa, bayansa ya kai mini ƙugu, in ya yi haushi sai kwanukan Inna su amsa a kan kanta. Sunan da Baturen yake kiransa da shi ya ƙi zama a bakinmu, Baba ya sa masa Duna, ya kuma karɓa. Kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ya yanke hukuncin zamansa. Ya ce karen gadi ba a hana shi ba, amma iyakarsa rijiya: daga rijiya zuwa bayan gida, wajen turken awaki, nasa ne, daga rijiya zuwa ɗakuna da zaure, inda ake salla, kada ya kuskura a ga sawunsa. Duna ya riƙe iyakar nan fiye da yadda mu yara muke riƙe tamu. Maƙwabta ma da farko sun yi ta ƙorafi, amma da suka ga tun zuwansa ba a ƙara kwance akuyar kowa a lungun ba, sai suka yi shiru.

Yana da wata ɗabi'a da Baturen ya horar da shi a kai, don gudun ɓarayi masu jefa wa kare nama da guba. Ba ya ci, ba ya sha, sai daga hannun wanda aka sabar masa. Ko ƙashi ka jefa masa in ba kai ne mai ba shi ba, sai ya kau da kai kamar ka zage shi. Baba yana fita a kan kekensa tun da sassafe, ba ya dawowa sai magariba, ƙannena maza duk ƙanana ne, Inna kuwa ko a mafarki ba za ta matsa kusa ba. Sai aikin ya faɗo kaina, ni Asabe, ina aji uku. Baba ya riƙa kama hannuna yana ajiye kaskon da shi har Duna ya yarda da ni. Daga nan kullum kafin in tafi makaranta sai na kai masa ɗumamen tuwo da abin da ya samu na ƙashi daga wajen mahauci, in ja guga in cika masa kasko. In na gama, Inna tana tsaye da buta daga nesa, ta sa ni wanki bayan wanki, har da cuɗa hannu da ƙasa, kafin ta yarda in taɓa kofin koko. A makaranta sunana ya koma Asabe mai kare. In an yi da'irar gaɗa lokacin tara, wadda ke kusa da ni sai ta naɗe hannunta da gefen ɗankwali kafin mu tafa. Ban cika damuwa ba, don na fi su iya carafke, kuma duk wadda ta cika mini baki nakan ce zan sako mata shi a hanyar gida.

Ciwon ya fara ne da bazara, kuma ni na fara gani. Kaskon da nake cikawa da safe ya kai yamma, sai ya koma ƙarewa kafin in ɗaura ɗankwali. In ƙara, ya shanye, ya dube ni. Muka ce zafi ne, ai kowa ma shan ruwa yake yi. Amma aka yi ruwan farko, gari ya yi sanyi, ƙishirwar Duna ba ta ragu ba. Yana sha yana fitsari, inda ya yi kuma sai tururuwa su taru su yi baƙi. Yana cin abincinsa tas, amma haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa, cikinsa ya kumbura ya sauko, gashin kwiɓinsa ya riƙa zubewa har fata ta bayyana. Sai ƙafafun baya suka fara rawa in ya miƙe. Baba ya gwada abin da ya sani. Ya jiƙa kanwa kamar yadda ake yi wa awaki, ya dafa sassaƙen maɗaci, ya shafa masa baƙin mai a inda gashi ya zube, don direbobi sun yarda da baƙin mai kamar yadda tsofaffi suka yarda da man shanu. Duk a ɓoye ake yi, an kuma ja mana kunne kada mu faɗa a waje.

Dalilin ɓoyon kowa a gidan ya san shi. A unguwarmu a lokacin, kare mara lafiya suna ɗaya yake da shi, mahaukaci, hukuncinsa kuma ɗaya ne. Ba a daɗe ba da muka ga yadda samari suka bi wani jan kare daga wajen unguwar Daurawa da sanduna da duwatsu, don kawai an gan shi yana tangaɗi, suka gama da shi a bakin kududdufi. Ba mugunta ce zalla ba, mutane sun taɓa ganin yaron da mahaukacin kare ya ciza, sun ga yadda ya ƙare, ba wanda yake son sake gani. To, in an yi wa ƙaramin kare haka, ina ga wannan da in ya miƙe ya kai girman ɗan maraƙi? Da Duna ya kasa tashi gaba ɗaya, Baba ya nemi izini a wurin aiki don ya kai shi asibitin dabbobi. Motar kamfani ba ta ɗaukar kare, mai tasi kuwa ko za ka ba shi me ba zai sa shi a kujerar da mutane ke zama da kayan salla ba. Sai Baba ya aro amalanke, ya rasa abin rufawa da zai kai tsawon karen, idonsa ya faɗa kan gwadon Baba Tsoho a rataye a zaure. Tsohon ya tafi ƙauye shuka tun da asubar ranar da aka yi ruwan farko, bai yi sallama da kowa ba. Gwadon nan kuwa duk unguwa an san shi, da shi yake lulluɓa kullum da safe a ƙofar gida yana jan carbi. Baba bai yi wannan tunanin ba, ni ma ban yi ba.

Tafiyar ta yi mana nisa. A kan titi Baba, direba guda, ya riƙa ruɗewa da gefen da zai bi, mu tsallaka nan mu dawo can, masu mota suna danna mana ham. Duk inda muka sami inuwa sai mu tsaya, in ɗaga bakin gwadon in tsiyaya ruwa a kasko, Duna ya lashe yana kwance. A asibitin muka tarar da Fulani da shanunsu da wani mai doki, duk suka ja baya da aka yaye gwadon. Ma'aikacin da ya duba shi mutum ne mai haƙuri. Ya buɗe masa baki, ya ja fatar ido, ya danna cikin, ya daɗe yana tambayar Baba. A ƙarshe ya ce shi dai bai ga alamar hauka ba, amma gaskiya bai san ciwon ba, aikinsu ya fi yawa a kan shanu da tumaki, kayan awon da za a gano irin wannan kuwa babu su a nan. Ya yi masa allura, ya ba da maganin tsutsa ko da ita ce, ya ce a ci gaba da ba shi ruwa. Muka mayar da gwado muka juyo. Mun je da ciwo ba suna, mun dawo da shi ba suna.

Tun daga zaure na ga takalma. Tsakar gidanmu cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin madafa. Goggo Tabawa, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ta kawo kunun tsamiya a langa, wata ta kawo fura, wata lemo a ƙullin mayafi. Ashe labari ya zaga: an ga gwadon Baba Tsoho a amalanke, an kuma tuna kwana biyu ba a gan shi a ƙofar gida ba, shi ke nan, tsoho ya faɗi an tafi da shi asibiti. Inna tana zaune a tsakiyarsu ta yi tsuru-tsuru, ana ta yi mata sannu tana amsawa da ka. Tun fitarmu take kaucewa, in an ce ya mai jiki ta ce da sauƙi, in an ce me ya same shi ta ce sai sun dawo. Da Baba ya turo amalanken ciki, matan suka ja mayafi suka sunkuyar da kai, Goggo Tabawa ta rarrafo ta durƙusa ta ce, "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne." Daidai nan jelar Duna ta zamo daga ƙarƙashin gwadon ta yi lilo. Inna mace ce da ba ta iya ƙarya ba ko ta wasa. Ta ce, "Yaya Tabawa, ku yi haƙuri, Baba Tsoho yana ƙauye lafiyarsa ƙalau. Karen ne ba lafiya." Ban taɓa ganin tsakar gida ta watse da sauri irin na ranar ba. Wata ta tafi da takalmi wari da wari, ba ta dawo neman nata ba sai washegari.

Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika da maza. Samari suna riƙe da sanduna, wasu da taɓarya, cikinsu har da babban ɗan Goggo Tabawa, wanda ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa an sa uwarsa ta durƙusa wa kare. Baba ya tare bakin zaure yana faɗa musu abin da ma'aikacin asibiti ya ce, ba mai saurare. Da mai unguwa ya iso aka ɗan lafa. Dattijo ne mara son hayaniya, ya ce abin ai ba na gardama ba ne, kowa ya san mahaukacin kare ba ya haɗa ido da ruwa, a kawo ruwa a gani. Ya shiga da mutum kaɗan, sauran suka hau katanga. Duna yana kwance a bayan rijiya a kan gwadon, ya ɗaga kai da ƙyar. Mai unguwa ya sa wani yaronsa ya ja guga, ya zuba a wata tsohuwar tasa, ya tura masa da sanda har gaban hancinsa. Duna ya dubi ruwan, ya dubi mutumin, ya kau da kai. Na kan katanga suka ɗauka gaba ɗaya: "Kun gani! Ya ƙi ruwa!" Na ji ƙarar sanduna suna gogar katanga ana shirin dirowa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san dalilin ƙin, na kuma san ba wanda zai tsaya jin dogon bayani a kan horon Bature.

Baba ne ya juyo ya nemo ni da ido. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, kawo kaskonsa." Na ratsa ta tsakanin manyan riguna, na ɗauko kaskon, na juye ruwan tasar nan a ciki a gaban kowa don kada a ce an sauya, na durƙusa na ajiye. Duna ya sa baki. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar harshensa. Ya shanye ya lashe gindin kaskon ya dube ni. Na ja guga na ƙara, ya shanye. Na sake ƙarawa. Mai unguwa ya tsaya yana kallo har ya gaji, sannan ya ce, "Wannan in hauka yake yi, to haukan ruwa ne. Ku sauka daga katangar mutane." Ya kafa sharaɗi: kare ba zai fita ba, yara ba za su shigo wajensa ba, ranar da ya ƙi ruwa daga hannun yarinyar nan kuma a aika masa. Ƙishirwar da ke cinye shi ita ce ta tsare shi daga sanda a ranar. Da yamma Inna ta aike ni in mayar wa Goggo Tabawa kununta, Goggo ta ce in koma da shi, ita ba ta karɓar kayan dubiya, kowane ne mara lafiyar. Mu muka shanye shi da daddare.

Baba Tsoho ya dawo bayan an gama noman farko. Tun daga inda mota ta sauke shi yake gamuwa da masu yi masa ya jiki suna danne dariya, har ya iso gida bai gane ba. Da aka warware masa, ya zauna, sannan ya ce, "Ashe na kwanta asibiti ban sani ba. Wa ya zo, wa bai zo ba?" Sai da Inna ta lissafa masa matan da suka zo, ya kuma riƙe waɗanda ba su aiko ba a ransa har ya bar duniya. Maganar gwado kuwa, Baba ya ce zai kai wa mai wanki a wanke shi da sabulu mai kyau. Tsohon ya tsaya a bakin rijiya, iyakar da shi da kansa ya shata, ya leƙa ya ga karen kwance a kai. Ya ce, "Na bar masa." Ba don tausayi ya faɗa ba, ƙyama ce, bai kuma ɓoye ba. Amma da Inna ta kawo shawarar ko a kai karen can bayan gari a ajiye shi, Allah ya yi yadda ya so da shi, tsohon ne ya hana. Ya ce dabbar da ta kwana tana tsaron awakinka tana da haƙƙi a kanka, ko ba ka son ganinta.

Jinyar babban kare aiki ne na ƙarfi, ba na tausayi kawai ba. Baba ya kafa masa rumfa da langa-langa saboda ruwan sama. Tun da ba ya iya tashi, in ya daɗe a gefe ɗaya sai fatar ta salluɓe, don haka kullum kafin Baba ya fita sai mun juya shi, shi ya kama ƙirji ni in kama ƙafafun baya, da magariba mu sake mayar da shi. Muka koyi zura tsohon zane ta ƙarƙashin cikinsa mu ɗaga, ya taka ƙafafun gaba ya ɗan zaga rijiya. Ina share wurin in zuba toka da sabon yashi, in wanke gyambon da ruwan gishiri, in kori ƙuda da reshen darbejiya ina bitar haddata ta makarantar allo. Guga kuwa na ja shi har tafin hannuna ya yi kanta. 'Yan ajinmu suna wucewa zuwa gonakin Tarauni tsinkar tafasa da rama, su kira ni ta kan katanga, in ce su je ina zuwa, ba na zuwa. Na gaji ƙwarai, wata rana nakan zauna in yi ta harararsa, shi kuma ya buga jela a ƙasa. Idanunsa suka fara yin fari-fari, har ya koma gane ni da sawu. Inna ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya, amma ta daina zubar da romo, takan ajiye a bakin rijiya ta wuce.

A waje kuma abin ya zama abin tsokana. Duk inda Baba ya gifta da kekensa sai a ce, "Malam Garba, ya mai jiki?" a kwashe da dariya. Shi kuma ya amsa da gaske, ya ce jiya ya ɗan ci, ko ya ce yau jikin ba daɗi. Tun ana tambaya don dariya har aka saba, dariyar ta faɗi, tambayar ta zauna. Masu magani suka fara aikowa. Wani mafarauci daga Unguwa Uku ya zo har gida ya tsaya daga nesa ya ce sammu ne, ɓarayi suka jefe shi. Wani ya ce saifa ce, wani ya ce ai kewar ubangidansa Bature ce take cinsa, wani ya ce cimarmu ce ba ta karɓe shi ba. Kowa da saiwarsa, kowa da sunan da ya ba ciwon. Baba yana karɓa ya gode, wani ya gwada, wani ya rataye a rumfa. Ba wanda ya rage ko da kasko ɗaya daga ruwan da Duna yake sha.

Da kaka, an fara yankan gero, na fito da safe na tarar da kaskon jiya cike yadda na bar shi. Na zubar na kawo sabo, na kai masa har baki, na jiƙa yatsuna na shafa masa a leɓe. Bai kau da kai ba, bai kuma sha ba. Na tuna sharaɗin mai unguwa, na je na faɗa wa Baba da bakina. Baba ya jingine keken da ya riga ya fitar, ya zo ya tsuguna ya daɗe, sannan ya ce ba sai an aika ba. Kafin rana ta take Duna ya cika, ba shure-shure, ba kuka. Na yi zaton zan yi kuka, sai na ga ina wanke kaskon ina kifewa.

Aka sake aro amalanken nan. Da ƙyar muka ɗora shi, duk da ramar da ya yi. Baba ya jawo gefen gwadon zai lulluɓe shi kamar wancan karo, sai Baba Tsoho ya yi gyaran murya daga zaure. "Garba, bar shi a buɗe. Wancan karon dubiya aka zo mini, wannan karon ta'aziyyata za a zo." Baba ya shimfiɗa gwadon a ƙarƙashi, muka fito da Duna a fili, baƙin kansa a kan farin zane, ni ina gefe da fartanya da shebur. Dattawan gindin darbejiya suna nan inda suke. Suka ɗago, suka ga abin da ke ciki sarai, ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, don ba a taɓa yi ba. Har mun kusa wucewa, sai wanda ya miƙe tsaye a wancan karon ya ce, "Sannu Malam Garba. Allah ya ba da haƙuri." Baba ya tsayar da amalanken, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Amin, na gode." A bakin lungu muka gamu da ɗan Goggo Tabawa. Ya karɓi shebur daga hannuna ya bi bayanmu, shi ya haƙa rabin ramin. A gefen wata 'yar gona da Baba yake aro a Tarauni muka binne shi, kusa da wata kuka, da gwadonsa. Muka dawo, Inna tana jira da buta a bakin rijiya.

Yanzu in na bi ta wajen a adaidaita sahu ba na iya nuna ko inda kukar take. Gonakin sun zama gidaje da shaguna, rijiyarmu an cike ta an yi ɗaki a kai. Akwai wuraren duba karnuka da allunansu a bakin titi, na kuma ga kare zaune a kujerar gaba ta mota, gilashi a rufe, ba wanda ya waiwaya. Wata jikata da ta karanta aikin lafiya ta taɓa sa ni na ba ta labarin, ta tsaya a kan maganar tururuwa da ƙishirwa, ta ce yana iya zama kaza, yana iya zama kaza, da yanzu ne da ɗigon jini kaɗan za a gane. Na ce mata to. Sunan ciwon bai dame ni ba kamar yadda ta zata. Abin da nake tunawa shi ne unguwar da in an ga gwadonka ya wuce a amalanke, kafin azahar gidanka ya cika da takalma. A layin da nake zaune yau maƙwabcina ya yi wata guda a asibiti, ban ji ba sai da aka sallamo shi. Duna kare ne, amma an zo masa dubiya.